Kati Mai Huji Uku

Duk Lahadin farkon wata, masu tara katin 'yan ƙwallo na garin Bendigo sukan haɗu a zauren da ke bayan coci. Su jera tebura, su baza hajarsu, wani ya ɗora ruwan shayi, wani ya tsaya bakin ƙofa yana soya albasa da nama ana cusawa a burodi. Yawancinsu furfura ta riga ta ci musu rabin kai, amma in ka ga yadda suke ɗaukar kati da yatsu biyu suna ɗauke numfashi, sai ka rantse jariri aka miƙa musu. Abin da suke nema ɗaya ne: kati mai lafiya, kusurwa huɗu a tsaye, ba lanƙwasa, ba tabon cingam, ba rubutun biro a baya. Kowa haka yake nema, ban da Neville Pascoe.

Shi Neville, tsohon ma'aikacin layin dogo da ya yi ritaya, ba ya ko kallon akwatunan gilashi. Kwalayen da ake turawa ƙarƙashin tebur yake bi, inda ake zuba katunan da suka sha wuya. Kuma ba na kowace shekara ba, sai na 1974. In ya tsinci ɗaya sai ya nufi taga, ya ɗaga shi sama, ya kanne ido ɗaya yana dubawa.

"Ga Dokta ya iso," in ji Toula Manos, mai teburin kusa da taga, wadda ta gaji sana'ar daga mijinta ta kuma fi shi baki. "A ba shi hanya, jama'a, zai duba hoton ƙashi. Dokta, yaya majinyacin? Zai tashi?"

"Wannan lafiyarsa ƙalau," Neville ya ce, ya mayar da katin cikin kwali.

"Kun ji ko? Lafiyarsa ƙalau, shi ya sa ba ya so. Ni dai tunda nake ban taɓa ganin mai zuwa kasuwa yana tambayar ina ruɓaɓɓen ba, sai kai."

Aka yi dariya, shi ma ya ɗan murmusa. Sun saba. Shekara ashirin da biyar ke nan yana zuwa, kuma kowa ya san abin da yake nema: kati mai huji uku na allura a kusurwar sama ta hagu, a jere kamar duwatsun murhu. Dalilin ne ba su sani ba. Toula kaɗai ta san wani ɓangare, wato katunan ƙanensa ne da ya rasu suna yara. Saura kuwa Neville bai taɓa gaya wa kowa ba, har matar da ya zauna da ita shekara goma sha tara kafin su rabu.

A shekarar 1974 Neville yana da sha ɗaya, ƙanensa Lindsay yana da tara. Lokacin sanyi ne, lokacin ƙwallo, kuma duk yaron unguwar aljihunsa a kumbure yake da kati ɗaure da roba. Ana sayen su ne a ƙunshi tare da wani cingam mai tauri kamar fatar takalmi. Katunan shekarar guda saba'in da biyu ne, kowa burinsa ya haɗa su cif. Faɗan yaran nan biyu a kan kati ya ishi mahaifiyarsu Beryl, kullum wannan nawa ne, a'a nawa ne. Rannan ta buɗe gwangwanin ɗinkinta ta miƙa wa Lindsay allura, ta ce ya yi wa nasa alama ta huta. Ya zauna a teburin kicin, harshe a waje, yana huda kowane ɗaya sau uku.

Akwai kati ɗaya da ya gagari unguwar gaba ɗaya, mai lamba hamsin da takwas, hoton wani dogon ɗan wasa Noel Garrihy ya yi tsalle ya cafe ƙwallo a sama. Wata safiyar Asabar Lindsay ya buɗe ƙunshinsa na ƙarshe, sai ga shi. Tsuntsu daga sama gasasshe. Ya huda shi, ya sa a kwalin takalmin da yake ajiya, ya zama yaro na farko a layin da ya cika saba'in da biyu. Neville kuwa shi ma wannan ɗin ne kaɗai ya rage masa, kuma shi ne babba. Baƙin ciki ya hana shi cin abincin rana.

Da la'asar ya ja Lindsay bayan ɗakin wanki su yi wasan jifa. Wasan mai sauƙi ne: a ja layi a ƙasa, kowa ya tsaya bayansa ya cilla kati wajen bango, wanda nasa ya fi kusa da bango ya kwashe duka. Wanda kuwa nasa ya tsaya jingine da bangon, babu ma zancen awo, ya ci. Neville ya ce ya sa kati ashirin a kan hamsin da takwas. Lindsay ya ƙi. Neville ya kira shi matsoraci, ɗan Mama, har sai da yaron ya shiga gida ya ɗauko.

Neville ya fara cillawa, nasa ya faɗi kusa da bango. Lindsay ya cilla, katin ya yi juyi biyu a iska ya tsaya jingine da bango. Neville ya riga shi isa wurin, ya sa yatsan ƙafa ya shure shi, katin ya kwanta bayan nasa.

"Na gan ka!" Lindsay ya ce. "Na gan ka, ka taɓa!"

Neville ya murɗe masa hannu ya ce iska ce. Yaron ya ruga cikin gida yana kuka. Neville ya zauna a bayan ɗakin wankin da katin a hannu yana jiran a kira shi a yi masa faɗa, amma ba a kira ba. Can sai ya ji an buɗe ƙofar gida, ya ji keken Lindsay ya fita. Ba a ɓata keken Lindsay da na kowa, don yakan maƙala wani tsohon kati a jikin wayoyin tayar baya da abin maƙale shanya, in yana gudu ya riƙa ƙara farrrr kamar babur. Neville ya ji ƙarar ta gangara layin, tana raguwa, tana raguwa, har ta ɓace. Ya san inda za shi. Shagon da ake sayar da kati yana ƙetaren babban titi, titin da aka hana su tsallakawa su kaɗai.

Motar ɗaukar tumaki ce. Direban ya ce bai ma gan shi ba. Da aka buɗe hannun yaron an sami kwabon senti goma a dunƙule, bai kai ga shagon ba. Neville ya san Lindsay ya kashe kuɗinsa na mako tun da safe, amma bai taɓa tambayar daga ina kwabon ya fito ba. Wanda ke da gawa a cikinsa ba ya yawan tambaya.

Mako ɗaya da binnewa, Beryl ta ɗauki kwalin takalmin ta kai gwanjon coci, ba ta ce wa kowa komai ba. Daga ranar ba ta sake ambaton sunan Lindsay ba, kuma ba ta sake kallon Neville ido cikin ido ba. Takan ba shi abinci, ta goge masa kayan makaranta, ta shafa kansa ma wani lokaci, amma idonta na kan bango. Shi kuwa ya fassara abin da kansa: ta sani, ko tana zargi. Katin da ya ƙwace ya riƙa ƙona masa aljihu, sai ya ba wani yaro a makaranta kyauta, yaron kuma iyayensa suka tashi daga garin kafin ƙarshen shekara.

Tun daga nan ƙarar keken ta zauna masa. Ba mafarki ba ne, da rana tsaka take zuwa. Yana tsaye a layin biyan kuɗi a kanti, ko yana shanya a bayan gida, ko yana bin layin dogo shi kaɗai a fili babu gida babu bishiya, sai ya ji farrrr a bayansa. Kullum tafiya take yi, ba ta taɓa nufo shi ba. In ya waiwaya babu kowa. Ya je asibiti an leƙa kunnen, an ce ƙarar jirgin ƙasa ce ta shekara da shekaru. Ya ce to, ya karɓi maganin, ya ajiye a aljihun mota.

Yana da shekara talatin da shida ya tsaya a wani gwanjon kayan mamaci don neman guduma, sai ya ga gwangwanin biskit cike da tsofaffin katuna. Ya ɗaga ɗaya don ya ga shekarar, hasken rana ya ratso ta huji uku ya sauka masa a ido.  Guda hamsin da ɗaya ya samu a gwangwanin nan, duk na Lindsay. A ranar ya yi wa kansa alkawari: zai haɗa saba'in da biyun, ya kai wa mahaifiyarsa, ya ɗora mata a cinya, ya gaya mata abin da ya faru a bayan ɗakin wanki. In ta yafe, to. In ta tsine, ya ji da kunnensa.

To, a nan ne ciwon masu tara kati ya kama shi. Su mutanen nan suna da wata ɗabi'a da ba ka iya raba su da ita: ba a nuna tari sai ya cika. Mutum ya yi shekara goma da littafi a ƙarƙashin gado, gurbi ɗaya ya rage, ka ce ya nuna maka ya ce da saura. Ni dai ina ganin wauta ce, a kati ma, balle a maganar da ke tsakanin ɗa da uwa. Beryl tana nan titi uku daga gidansa, da lafiyarta da hankalinta, yana zuwa duk Alhamis ya yanke mata ciyawa su sha shayi. Kalma goma ta isa. Amma ya ce sai ya cika, kuma ya yarda da kansa cewa tsari ne, ba tsoro ba.

Sauran suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, wani daga garin Echuca, wani daga kwalin wani malamin makaranta, wani Toula ta tsinto masa. Cikin shekara goma sha shida ya kai saba'in da ɗaya. Hamsin da takwas ya ƙi. Shekara tara yana jiransa, Beryl kuwa ba ta tsaya jira ba. Ta fara sa butar shayi a firji, ta fara kiran maƙwabciya da sunan yayarta da ta mutu. Bara aka kai ta gidan kula da tsofaffi. Yanzu tana da tamanin da takwas, wata rana ta gane shi, wata rana ta tambaye shi ko shi ne mai gyaran famfo.

"Ka kai mata saba'in da ɗayan mana," Toula ta taɓa ce masa. "Tsohuwa za ta zauna ƙirga ne?"

"Akwai gurbi."

"Gurbin yana kanka, Dokta. Mutuwa ba ta duba lamba."

Bai kai ba. A wannan Lahadi ta watan Yuli, bayan an gama yi masa dariyar da aka saba, Toula ta yafito shi da hannu. Yau ba ta ɗaga murya ba.

"Zo nan. Kada ka sa rai, ka ji? Na ce kada ka sa rai."

Ta jawo wani abu daga jakarta. Hamsin da takwas ne, amma a rufe cikin kwanson roba mai tauri, irin wanda masu tantance kati ke liƙewa bayan sun duba sun ba shi maki. Kati in ya shiga kwanson nan ya shiga ke nan, ba a sake taɓa shi da hannu, kuma fasa shi a wurin mutanen nan daidai yake da tone kabari. Ta ce cikin kayan wani mutumin garin Mildura ya zo, wanda ya rasu 'ya'yansa suka sayar da komai a dunƙule.

Neville ya karɓa. Katin fes yake, kusurwa huɗu a tsaye, sama shuɗiya a bayan ɗan wasan, ba huji ko ɗaya.

"Ba shi ba ne," ya ce.

"Ni ma haka na ce. Sai jiya ina goge shi a bakin taga. Karkata shi kaɗan. A'a, haka. Me ka gani?"

A kusurwar sama ta hagu, in haske ya faɗo a karkace, shuɗin wurin bai yi ƙyalli kamar sauran ba. Ɗan wuri ne da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba.

"Wani ɗan iska ya yi masa kwalliya," in ji Toula. "Ya cike, ya shafa launi, ya danne da guga, ya kai aka rufe. Ko kuma idona ne, na tsufa. Ta cikin robar nan ba za ka taɓa sani ba."

"Nawa ne?"

Ta faɗa, bai yi ciniki ba, abin da bai taɓa faruwa a zauren ba. Ya ce ta ara masa filaya.

"A nan? Kai, Neville, ka bari ka je gida mana. Za ka sa tsofaffin nan su suma."

"Ba ni."

Ya kama kusurwar kwanson ya matsa. Ƙarar fashewar ta sa zauren ya yi tsit, har mai suyar albasa ya leƙo. Wani dattijo mai hular ulu ya dafe ƙirji ya ce, "Ya Allah, me yake yi? Ku riƙe shi!" Neville ya ɓare robar, ya zaro katin da yatsunsa tsirara, ya nufi taga kamar kullum. Ya ɗaga. Haske ya game jikin takardar ja-ja, sai ɗigo uku baƙaƙe a kusurwa, a jere yadda ya san su.

Toula ta matso kusa. Ta cire fil ɗin da ke maƙale a rigar sanyinta ta miƙa masa. Ya sa bakin fil ɗin a ɗigo na farko ya tura, wani ɗan farin gari ya zubo. Na biyu. Na uku. Mai hular ulu ya juya baya, ya ce shi ba zai iya kallo ba. Neville ya sake ɗagawa, rana ta ratso ta huji uku ta sauka masa a fuska. A daidai lokacin ya ji farrrr a wajen taga, tana gangarawa.

"Shi ne?" Toula ta tambaya.

"Shi ne."

"To me kake tsaye yi? Jira kake a buga maka ganga? Tafi, don Allah."

Littafin da yake jera katunan yana cikin mota, dama kullum da shi yake yawo. Ya sa katin a gurbinsa, ya zauna yana kallon shafin da ya cika, sai kuma ya sake zaro shi ya sa a aljihun gaba. A hanya yana maimaita maganar da ya shekara ashirin da biyar yana gyarawa. Mama, ranar nan Lindsay ne ya ci. Katinsa ya tsaya a bango, ni na shure. Ni na sa shi fita. Gajeriya ce, ya san ta kamar sunansa.

A gidan tsofaffin ma'aikaciyar da ke kula da ita, Marites, ta tare shi a baranda.

"Yau ba Alhamis ba ce, Mista Pascoe. Lafiya?"

"Lafiya. Yaya take?"

"Ta ci abinci. Amma yau ba ta tare da mu sosai, tun safe take tambaya ko an ga yaro a titi. Ka shiga dai, ka bi ta a hankali."

Beryl tana zaune a kujerar bakin taga da bargo a gwiwa, ta ƙanƙance har kujerar ta yi mata yawa. Ya gaishe ta, ta amsa yadda ake amsa wa baƙo. Ya jawo kujera ya ɗora mata littafin a cinya ya buɗe. Ta bi shafukan da ido, 'yan wasa masu dogon gashi da gajeren wando, ta juya ɗaya, ta juya biyu, ta ce suna da kyau, na sayarwa ne? Ransa ya ɓaci, ba da ita ba, da kansa. Ya ga shekarun da ya zubar a tsaye a gabansa.

Ya zaro hamsin da takwas ya sa mata a hannu. Ta juya shi, ta shafa kusurwar da babban yatsa, ta tsaya. Sannan, ba wanda ya nuna mata, ta ɗaga shi wajen taga ta kanne ido ɗaya. Ɗigon haske uku suka sauka a kumatunta. Ta daɗe a haka. Da ta sauke hannu sai ta juyo ta dube shi, cikin ido, irin kallon da rabonsa da shi shekara hamsin.

"Lindsay," ta ce. "Ka daɗe."

 Ya buɗe baki ya ce, "Mama, ni ne..."

"Na san kai ne. Wa zai huda kati haka in ba kai ba? Ka samo ashe." Ta kamo hannunsa da nata biyun, da ƙarfin da bai san tana da shi ba. "Tun ɗazu nake leƙe. Na ce yaron nan shago kawai na aike shi."



"Ni na ba ka kuɗin," ta ce, muryarta ta yi ƙasa kamar mai gudun kada a ji a ɗaki na gaba. "Ina guga, kaina na sarawa, ka shigo kana ta yi mini kuka a kunne, kati, kati. Ban ma saurari abin da kake faɗa ba. Na buɗe jaka na ce ungo, je ka sayo wani ka rabu da ni. Ni da na hana ku titin nan. Kullum in za ku fita sai na ce a duba titi, kullum. Ranar ban ce ba."

Hawaye suna bin ramukan fuskarta, ba ta share ba.

"Kada ka gaya wa Neville. Bai sani ba, babanku ma har ya mutu bai sani ba. Yaron kirki ne, duk Alhamis sai ya zo ya yanke mini ciyawa. Ni kuwa ko idonsa ba na iya kallo. Na raba shi da ƙanensa, da wane ido zan dube shi?"

Maganar da ya zo da ita tana nan a bakinsa, a shirye, kalma bayan kalma. Ya ga in ya faɗe ta, sai ya fara cewa shi Neville ne, kuma in shi Neville ne, to yaron da ta aika shago bai dawo ba. Tausayinta ya kama shi, tausayin kansa ma ya kama shi, ya rasa wanne ya fi. Ita kuwa tana jijjiga masa hannu.

"Ka duba titin? Gaya mini gaskiya. Ka duba kafin ka tsallaka?"

Neville ya dafa hannunta.

"Na duba, Mama. Dama da hagu, na sake duba dama. Babu mota."

"Babu mota?"

"Ko ɗaya. Na tsallaka, na sayo, na dawo. Layi ne ya yi yawa a shagon."

Ta saki wani dogon numfashi, kafaɗunta suka sauka, ta jingina da kujera. Ta yi 'yar dariya ma, ta share fuska da gefen bargo.

"Ka ba ni tsoro, ɗan banza. To maza je ka nuna wa yayanka. Ku daina faɗan nan haka, ku biyu ne kaɗai gare ni."

"To, Mama."

"Ka ce masa na ce ya ba ka haƙuri, kai ma ka haƙura."

"Zan gaya masa."

Ba ta saki katin ba, shi ma bai nema ba. Ya zauna har barci ya ɗauke ta, katin a dunƙule a hannunta yana lanƙwashewa, kusurwoyin da wani ya ɓata lokaci yana gogewa suna karyewa ɗaya bayan ɗaya. Ya rufe littafin da gurbinsa a buɗe ya ɗauka. A baranda Marites ta tambaye shi ko ta gane shi yau. Ya ce ta gane wanda take jira.

La'asar ta yi, sanyi ya fara sauka, ba kowa a wurin ajiye motoci. Yana laluben makulli ya ji ta, farrrr, can ƙasan layin. Ya tsaya yana jira ta ragu yadda ta saba. Ba ta ragu ba. Ta hauro, tana ƙaruwa, ta shigo ta ƙofar, ta rage gudu har yana jin bugun katin ɗaya-ɗaya a kan waya, ta tsaya a bayansa, kusa, inda mutum zai tsaya in yana jiran a ce masa wani abu.

Neville bai waiwaya ba. Ya dafa rufin motar da hannu biyu.

"Kai ka ci," ya ce. "Ya tsaya a bango. Ni na shure."